Darasi Na Goma Sha Biyu: Asalin Kalmomin Turanci Na Shari'a Da Aikin 'Yan Sanda

Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gidansa da hantsi yana shan inuwa, sai ga masinjan kotu ya jingine keke, ya yi sallama, ya zaro takarda daga aljihu ya ce, “Malam, sammaci ne,” to, ya san yadda gaba ke faɗuwa tun ba a karanta abin da ke ciki ba. Kuma da za a bi mutumin nan har ya je ya komo, da an ji bakinsa cike da waɗansu kalmomi da kakan kakansa bai taɓa ji ba, yana ba da labarin yadda aka kai shi caji ofis, saje ya rubuta jawabinsa, sufeto ya yarda a ba da shi beli, lauya kuma ya ce in joji ya ƙi, sai su yi afil. Kalmomin nan duka sun zama Hausa a yau, ba mai musun haka, amma asalinsu baƙi ne da suka biyo Turawa, suka sami masauki, suka sa rigar gari. Abin mamaki shi ne, in mutum ya bi sawunsu har Ingila, sai ya tarar can ma yawancinsu baƙi ne.

Wannan fanni na bin kalma har a kai ga tushenta shi ne malaman lugga suke kira ilmin ishtiƙaƙi, kuma wanda ya taɓa durƙusawa gaban malamin sarfu ba zai ji shi baƙo ba, tun da ya riga ya san cewa hukunci da hukuma da hakimi da hikima duk daga saiwa guda suka tsiro a Larabci. In muka duba namu kalmomin shari'a na dauri, irin su alƙali, da muhuti, da shaida, da diyya, da haddi, har da ita kanta kalmar shari'a, sai mu ga kusan dukkansu Larabci ne, domin tare da Musulunci da littattafan fikihu suka shigo, sarakuna kuma suka ɗaure musu gindi. Harshen shari'a dai mai mulki yake bi, da mai littafi; talaka kuwa sai dai ya koya, ya lanƙwasa shi daidai bakinsa. Wannan abu da ya same mu sau biyu, daga Larabci da kuma daga Turanci, shi ya sami mutanen Ingila tun kafin mu san da su.

Masu harshen Ingilishi na farko waɗansu ƙabilu ne da suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Danmak wajen ƙarni na 5 na Miladiyya, suka zauna a tsibirin, kuma kalmomin da suka bari a wannan fage ba su da yawa: “thief”, wato ɓarawo, da “steal”, sata, da “murder”, kisan kai, da “oath”, rantsuwa. Daga zamaninsu ne kuma aka gāji “sheriff”, wadda kalmomi biyu ne suka narke suka zama ɗaya, “shire”, gunduma, da “reeve”, wakili. Watau wakilin sarki a gunduma, mai tara haraji, mai zaman shari'a, mai kama masu laifi, kamar dai hakimi a ƙasarmu. A Ingila sarautar ta tsufa ta zama ta ado, amma a Amurka har yanzu tana da haƙora, kuma a mafi yawan jihohinsu da ƙuri'a ake zaɓen mai riƙe ta. Na sha jin almajirai suna cewa lalle daga “sharifi” aka samo ta, ko daga “shari'a”, saboda kamar lafazi. Wannan kuskure ne, ba abin da ya gama su sai kama da wane, wadda kuwa ba ta wane.

Ita kalmar “law”, wadda muke tarjamawa da doka, wadda kuma daga gare ta “lawyer” ya fito har ya zama lauya a bakinmu, ba Ingilishi ce tsantsa ba. A ƙarni na 9 mayaƙan jiragen ruwa daga Danmak da Norwe suka faɗa wa Ingila da hari, suka ci gabas da arewacinta, suka zauna da nasu al'adu, har aka riƙa kiran wannan yanki “Danelaw”, ƙasar da dokar mutanen Danmak ke ci. Daga harshensu aka karɓi kalmar, kuma ma'anarta ta asali ita ce abin da aka shimfiɗa, abin da aka aza ya zauna, kamar yadda mu ma muke cewa an shimfiɗa doka ko an kafa ta. Wanda ya gudu daga shari'a ya ƙi amsa kira, sai a yi shelar ya zama “outlaw”, wanda aka fitar daga inuwar doka, dukiyarsa ta zama ta sarki, jininsa ya halatta ga duk wanda ya gamu da shi. Masanan shari'arsu na lokacin suna cewa kansa ya zama kan kyarkeci.

Babban juyi ya zo ne a shekarar 1066, sa'ad da Wiliyam, sarkin Nomandi ta arewacin Faransa, ya haye teku da rundunarsa, ya kashe Sarki Harold a yaƙin Hastings, ya hau gadon sarautar Ingila, ya raba ƙasar ga manyan mayaƙansa waɗanda ba su jin kome sai Faransanci. Daga nan har shekaru wajen ɗari uku, fada Faransanci take yi, manyan malaman coci da magatakarda Latin suke rubutu da shi, Ingilishi kuwa ya koma harshen manoma da makiyaya da barori. Wanda ya lura zai ga tabon wannan zamani a jikin harshen har yau, domin ɓarawo da sata da kisa sunansu na Ingilishi ne, amma kotu, da alƙali, da hukunci, da ƙara, da kurkuku, duk sunayensu daga Faransanci suka zo. Ya isa mutum ya kwatanta a ransa halin manomin da aka gurfanar a kan rikicin gona, yana tsaye da hularsa a hannu, manya suna ta kai da kawowa a kansa da harshen da ba ya ji, sai an gama a juyo a gaya masa ya ci ko an ci shi. Dattawanmu da suka ga zamanin da tafinta ke tsayawa tsakanin talaka da joji ba sa bukatar a yi musu sharhin wannan. A shekarar 1362 majalisarsu ta yi doka cewa a riƙa yin muhawarar kotu da Ingilishi, saboda jama'a ba su fahimtar abin da ake faɗa a kansu. Abin dariya, ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Lauyoyi kuwa, da yake sana'a ba ta son a tone asirinta, suka ci gaba da rubuce-rubucensu cikin wani gurɓataccen Faransanci da Latin, ba a raba su da shi ba sai daga shekarar 1733, da wata doka ta tilasta a rubuta takardun kotu da harshen ƙasa.

To, bari mu shiga kotun. Kalmar “court” daga Faransanci ta zo, Faransanci kuma ya gāje ta daga Latin, inda take nufin fili da aka kewaye da danga ko katanga, irin tsakar gidan manomi inda ake ɗaure dabbobi. Daga tsakar gida ta koma farfajiyar gidan sarki, daga nan ta zama fadawan da ke taruwa a farfajiyar, kuma da yake a gaban sarki ake yanke hukunci, sai ta zama wurin shari'a. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan tafiya ba, domin shi ma ya san fada wuri ce, kuma mutane ce, kuma majalisar shari'a ce. A cikin ɗakin shari'ar akwai wani shinge na katako mai raba jama'a da masu aiki, sunansa “bar”, kuma daga irin wannan shinge ne, wanda ake kiran ɗalibi zuwa gare shi in ya ƙare karatun lauya, aka sami “barrister”, baristan da muke ji. “Judge”, jojinmu, daga kalmomin Latin biyu ne, ɗaya haƙƙi, ɗaya faɗi, wato mai faɗin haƙƙi. “Magistrate” kuwa, majistare, daga kalmar da ke nufin babba ko malami. Mun riƙe alƙali ga mai hukunci da fikihu, muka bar wa ɗayan joji, sai ga shi harshe ya raba abin da mulki ya raba. Su ma mutanen Sifen, saboda daɗewar mulkin Musulmi a Andalus, sun ari alƙalin nan, suna cewa “alcalde”, sai dai a wurinsu yau magajin gari yake nufi.

Akwai kalma guda da ba mu ara ba, domin abin da take nufi bai kafu a ƙasarmu ba, amma labarinta ya cancanci a tsaya a kansa, ita ce “jury”. Kafin a san ta, idan aka tuhumi mutum da babban laifi ba a sami shaida ba, sai a kai shi coci a yi masa abin da suke kira “ordeal”: a gasa ƙarfe a wuta, a yi addu'a a kansa, a ɗora masa a tafin hannu ya yi 'yan taku da shi, sa'an nan a naɗe hannun a buga hatimi, bayan kwana uku a kwance; in ƙunar ta kama hanyar warkewa an wanke shi, in ta ruɓe ya tabbata mai laifi. Wani kuma a ɗaure shi a jefa cikin ruwa, in ya nutse mai gaskiya ne, in ya taso ruwa ya ƙi shi. A ganina wannan ba shari'a ba ce, caca ce da aka yi wa rawani, kuma mai karatun fikihu, wanda ya san cewa bayyina tana kan mai ƙara, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa, zai yi mamakin jin cewa an daɗe ana yin haka a Turai. A shekarar 1166 Sarki Henri na Biyu ya umarta a riƙa rantsar da mutum goma sha biyu daga kowane yanki na gunduma su faɗi waɗanda ake zargi a cikinsu, kuma bayan da babban taron coci na Rum ya hana limamansu sa hannu cikin gwajin wuta da ruwa a shekarar 1215, sai aka komo ga rantsattsun nan su riƙa yanke ko mutum ya aikata ko bai aikata ba. Ma'anar “jury” ke nan, waɗanda aka rantsar. Abin da suka faɗa kuma sunansa “verdict”, wato faɗin gaskiya.

Kalmomin da suka fi shafar talaka su ne na hanya, tsakanin ƙofar gida da ɗakin shari'a, kuma a nan ne ishtiƙaƙi ya fi daɗi. Sammacin nan mai tsinka zuciya “summons” ne, kuma tushensa a Latin tunatarwa ce a hankali, kamar mutum ya ja ɗan'uwansa gefe ya raɗa masa magana. Zamani ne ya kumbura ta. Caji, wato “charge”, asalinsa ɗora kaya a kan amalanke, kuma danginsa ne “car”, mota, da “cargo”, kayan jirgi. Bature da Bahaushe sun haɗu a nan, tun da mu ma cewa muke an ɗora wa wane laifi. Beli kuma, “bail”, daga wata kalmar Faransanci ce mai nufin miƙa abu amana a hannun wani, ita kuwa daga sunan ɗan dako ta fito a Latin. Saboda haka duk wanda ya je karɓar belin wani ya sani kaya ya ɗauka, in wanda ya tsaya wa ya gudu shi za a riƙe. Kuma ya sani beli a ofishin 'yan sanda a Nijeriya kyauta ne a doka, ko da wani ya gaya masa akasin haka. Waranti da garanti kalma ɗaya ce da ta shigo Ingilishi ta ƙofa biyu, domin Faransawan Nomandi da “w” suke furta abin da na Paris suke furtawa da “g”. Tarar da ake ci, “fine”, ma'anarta ƙarshe, kuɗin da ake biya a kashe magana. Fursuna daga “prisoner” ne, tushensa kamu, “jail” kuwa ɗan keji ne na tsuntsu.

Mu komo ga masu kamun. Mafi ƙanƙantar muƙami a aikin ɗan sanda shi ne “constable”, amma da ya san asalinsa da ya ƙara gyara hula, domin a daular Rumawa ta ƙarshe “comes stabuli” babban bafade ne mai kula da bargar dawakin sarki, kuma a Faransa sarautar ta hau har mai riƙe ta ya zama shugaban rundunar yaƙi duka. “Marshal” ma haka, asalinsa a tsohon harshen Jamusawa baran doki. Wanda ya san sarautun ƙasar Hausa zai yi murmushi a nan, don ya san Shamaki daga wurin ɗaure dawaki ya sami sunansa, Madawaki kuma mai dawaki ne kafin ya zama jigo a majalisar sarki. Har ita siyasa, a Larabci, saiwarta ɗaya da sunan mai kiwon doki da horar da shi. A zamanin da doki ne ƙarfin daula, wanda aka amince wa barga an amince masa da mulki. A Ingila sai kalmar ta gangaro maimakon ta hau, ta zama sunan wani talaka da ake zaɓa a ƙauye ya yi shekara guda yana tsaron lafiya ba albashi, yana haɗawa da nomansa. Ƙarfinsa duka jama'a ne, domin dokar Winchester ta shekarar 1285 ta wajabta cewa in aka yi kururuwar ɓarawo, abin da suke kira “hue and cry”, kowane namiji ya ajiye abin da yake yi ya bi, gari ya miƙa wa gari, kuma in ɗan fashi ya kuɓuce, mutanen yankin ne za su biya abin da ya ɗauka.

Wannan tsari ya isa ƙauye, amma bai isa Landan ba sa'ad da ta cika ta batse. Kalmar “police” kuwa mutanen Ingila sun daɗe suna ƙyamarta, ko da yake asalinta ba abin ƙyama ba ne, daga “polis” take, birni a harshen Yunanawa, kuma da fari kyakkyawan tsarin gari take nufi. Sai dai ta hanyar Faransa ta zo musu, su kuma a ganinsu abin da ake kira haka a Faransa 'yan leƙen asirin sarki ne masu sa ido a kan mutane. Sai a shekarar 1829 ministan cikin gida, Robert Peel, ya shawo kan majalisa ta yarda a kafa rundunar 'yan sandan Landan, kuma saboda ya san abin da jama'a ke tsoro, ya hana su jan kaya irin na soja, ya sa musu shuɗiyar kwat mai jela da doguwar malafa, ba bindiga, sai ɗan kulki a ɓoye cikin jelar kwat da wata ƙwarya ta katako mai ƙara da ake kaɗawa don neman gudummawa. Mutanen gari suka laƙaba musu sunan ubangidansu, waɗansu su ce “peeler”, waɗansu su ce “bobby”, daga Bob, wanda shi ne taƙaitaccen Robert. Na biyun ne ya rayu. Ƙofar bayan hedkwatarsu tana fuskantar wani lungu mai suna Scotland Yard, shi ya sa har yau ake kiran hedkwatar da wannan suna ko da yake ta tashi daga can tuntuni. “Cop” da ake ji a bakin Amurkawa daga wani fi'ili ne mai nufin cafke. Masu cewa daga maɓallan tagulla na rigarsu aka samo shi, ƙaga ce. A 1842 aka buɗe sashen “detective”, mai yaye rufi, a 1878 kuma aka sake masa tsari da sunan da haruffansa uku suka zama si'aidi a bakinmu. Saje, “sergeant”, asalinsa bara mai hidima. Sufeto, “inspector”, mai leƙa cikin abu.

Ta bakin teku abin ya iso ƙasarmu. A 1861 aka kafa wata 'yar rundunar tsaro ta mutum 30 a Ikko, wadda aka riƙa cika ta da Hausawa, har a 1879 ta zama runduna mai sunan “Hausa Constabulary”. Kamfanin Turawa mai ciniki a kogin Kwara ya kafa tasa a Lakwaja a 1888, sa'an nan a 1930 aka gama ta Arewa da ta Kudu suka zama rundunar 'yan sandan Nijeriya. Duk da haka, Bahaushe da ya karɓi kotu da lauya da beli hannu biyu, bai karɓi “police” ba. Ya dubi abin da ke hannun mutumin ya ce ɗan sanda, ya bambanta shi da dogarin sarki mai ja da kore, da ɗan doka na En'e, wato hukumar gargajiya. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa, da yake Faransa ce ta mulke su, suna da jandarma, daga “gens d'armes”, mutanen makamai, kalmar da Bakano ba ya amfani da ita ko da yake tsakaninsa da Maraɗi tafiyar yini ce.

Kafin darasi na gaba, ina roƙon kowane ɗalibi ya sami dattijo guda a unguwarsu wanda ya ga zamanin En'e, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi sunayen ma'aikatan gidan alƙali da na gidan yari kamar yadda ake faɗinsu a da, ya rubuto guda goma a littafinsa, ya raba su gida uku, na Larabci, da na Turanci, da waɗanda Hausa ce ta haife su. Wadda ta gagare shi kuma ya zo da ita aji mu duba tare.